KALMAR "DOCTOR" A TARIHI: DAGA MAI KOYARWA ZUWA MAI MAGANI

1.0 GABATARWA

Da yawa daga cikin mahalarta wannan taro sun taɓa gamuwa da wani abu mai ban dariya, wanda kuma yake da ban tausayi. Malami ya ƙare karatunsa na digiri na uku a fannin nahawu ko tarihi, ya je garinsu gaishe da iyaye, abokai suna ta kiransa Dakta. Kafin ya kwana biyu sai ga gwaggonsa ta zo da jikanta a goye, jikinsa zafi rau, tana roƙon a duba shi. Malamin nan ya shiga kame-kame, yana bayanin cewa shi ba irin wannan Daktan ba ne. Ita kuwa tsohuwa ta koma gida tana ganin rowa aka yi mata.

To, tsohuwar nan ba ta yi abin da za a yi mata dariya ba, domin ruɗanin da ta faɗa ciki ya girme ta da ɗaruruwan shekaru, kuma can ƙasar masu kalmar aka haife shi. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin kalmar nan ta Ingilishi, watau "doctor", mu ga inda ta samo asali, da yadda ta tashi daga kan mai koyarwa ta koma kan mai magani, da sauran ma'anonin da Turawa suka ɗora mata. Daga nan za mu duba yadda ta shigo ƙasar Hausa, da irin hukuncin da bakin Bahaushe ya yanke mata. Muna ganin batun ya wuce na nahawu kurum, domin wanda bai san wane ne likita ba yana iya miƙa ransa ga wanda bai cancanta ba.

2.0 ASALIN KALMAR

Kalmar ba haifaffiyar Ingila ba ce. Daga harshen Latin ta fito, watau harshen Rumawan dauri, daga aikatau "docere" mai ma'anar koyarwa. Saboda haka a wurin Rumawa "doctor" shi ne mai koyarwa, babu ruwansa da magani. Mai magani suna da sunan da suke kiransa da shi dabam, watau "medicus". Idan muka so mu fassara kalmar bisa asalinta, babu abin da ya fi dacewa da ita kamar "malam", wadda mu ma muka aro daga "mu'allim" ta Larabci, mai ma'anar wanda ke sanar da wani abin da bai sani ba.

Malaman addinin Kirista su ne suka fara ɗaukaka kalmar har ta zama laƙabin girma. A shekarar 1298 Fafaroma Boniface na VIII ya tabbatar da wannan laƙabi ga wasu manyan malamai huɗu na farkon zamanin coci, su ne Ambrose da Jerome da Augustine da Gregory. Shi Augustine ɗan Afirka ta Arewa ne, a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu aka haife shi. Da wannan ma'ana ce kalmar ta fara bayyana cikin rubutun Ingilishi a wajen farkon ƙarni na 14, bayan ta biyo ta Faransanci. Ke nan Baturen Ingila na wancan zamani in ya ji an ce "doctor", abin da zai zo masa a rai shi ne shehin malami masanin littattafan addini.

3.0 JAMI'O'IN TURAI DA IZININ KOYARWA

A ƙarni na 12 aka fara samun jami'o'i a Turai, waɗanda suka fi shahara kuwa su ne ta Bologna a Italiya, wadda ta yi fice a ilmin shari'a, da ta Paris a Faransa, wadda ta yi fice a ilmin addini. A lokacin ba kowa ke shimfiɗa buzu ya ce zai karantar ba, sai wanda hukumar coci ta ba izini. Har abin ya kai masu ba da izinin suna sayar da shi, shi ya sa a babban taron coci na 1179 Fafaroma Alexander na III ya hana karɓar kuɗi a kansa. A 1219 kuma Fafaroma Honorius na III ya danƙa ikon ba da izinin a Bologna ga wani babban jami'in coci na birnin, da sharaɗin sai an jarraba ɗalibi tukuna. Wanda ya ci wannan jarrabawa, ya sami izini, shi ake kira "doctor". Da farko wannan kalma da "master" da "professor" duk abu ɗaya suke nufi, sai daga baya aka keɓe ta ga waɗanda suka ƙure karatu a manyan fannoni uku, watau addini da shari'a da magani.

Duk wanda ya san tsarin karatun zaure zai ga kama tsakanin wannan izini da ijazar da malamanmu ke ba almajiransu. Wani masani mai suna George Makdisi, a littafin da ya wallafa a 1981 kan tarihin makarantu a ƙasashen Musulmi da na Turai, ya tafi a kan cewa daga ijazar karantarwa da ba da fatawa Turawa suka kwaikwayi nasu. Wasu masana ba su yarda da shi ba. Hujjarsu ita ce ijaza malami ne ke bai wa almajirinsa hannu da hannu, da silsilar waɗanda ya karɓa daga gare su, alhali izinin Turai hukuma ce ke bayarwa da sunanta. Ko wane ɓangare mutum ya bi, abin da ba a jayayya a kansa shi ne duka biyun shaidar iya koyarwa ce.

Ta wannan ƙofa ce magani ya fara raɓar kalmar. Makarantar Salerno a kudancin Italiya ta shahara da ilmin magani, har a 1231 Sarki Frederick na II ya kafa doka cewa kada kowa ya yi aikin magani a ƙasarsa sai malaman Salerno sun jarraba shi. Montpellier ta Faransa ta sami ƙa'idojin makarantarta ta magani a 1220. Daga cikin manyan littattafan da ake karantawa a irin waɗannan makarantu akwai Alƙanun na Ibn Sina, wanda aka fassara zuwa Latin a birnin Toledo na Andalus a ƙarni na 12. Amma a lura, wanda ya fito daga nan ana ce masa "doctor" ne don ya isa ya karantar da littattafan magani. Warkarwa ba ita ta ba shi sunan ba.

4.0 YADDA KALMAR TA KOMA KAN MASU MAGANI

Ingilishi yana da tasa kalma ta gado ta mai magani, ita ce "leech". Har akwai wani kundin magunguna na ƙarni na 10 da ake kira da wannan suna. Sai dai kuma haka suke kiran matsattsaku, wanda masu maganinsu ke liƙa wa maras lafiya ya tsotse masa jini. A hankali matsattsaku ya gaje sunan shi kaɗai, mai magani ya bar masa. Bayan ita sai "physician", wadda ta biyo ta Faransanci daga kalmar Girkanci mai nufin ɗabi'ar halitta.

A ƙarshen ƙarni na 14 aka fara ganin "doctor" da ma'anar mai magani. Mawaƙin nan Chaucer ya sa irin wannan mutum cikin ayarin matafiyansa masu zuwa Canterbury, amma sai da ya haɗa kalmar da sunan fannin don a san wane iri yake nufi. Bayan shekara ɗari biyu ma'anonin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. A wasan kwaikwayon Marlowe mai suna Doctor Faustus, wanda aka buga a 1604, gogan wasan ya sami laƙabinsa ne ta ilmin addini a Wittenberg. A wasan Macbeth na Shakespeare kuwa, wanda aka rubuta wajen 1606, wanda aka kira da laƙabin shi ne mai duba matar sarki da ta ruɗe.

Domin mu gane abin da ya biyo baya, wajibi ne mu san cewa masu magani a Ingila aji uku ne. Aji na farko su ne masu digirin jami'a, waɗanda suka sami ƙungiyarsu a Landan a 1518, zamanin Sarki Henry na VIII, bisa ƙoƙarin Thomas Linacre. Su ba sa yanka, ba sa haɗa magani, sai dai su saurari maras lafiya, su dubi fitsarinsa, su rubuta abin da za a ba shi. Su kaɗai ne ke da haƙƙin laƙabin.

Aji na biyu su ne masu fiɗa. Tun a babban taron coci na 1215 aka hana manyan ma'aikatan coci duk wani aikin magani da ya ƙunshi yanka ko ƙuna, wannan kuwa ya taimaka wajen barin aikin wuƙa a hannun masu aski. Mai aski a Ingila ta wancan zamani daidai yake da wanzaminmu: yana aski, yana fid da jini, yana cire haƙori, yana tsaga maruru. A 1540 aka haɗa masu aski da masu fiɗa cikin ƙungiya guda, ba su rabu ba sai 1745, sa'an nan a 1800 masu fiɗa suka sami kwalejinsu da yardar sarki. Da yake ta hanyar barantaka suke koyon sana'a, ba su da digiri, sai ake kiransu Mista kamar kowa. Abin mamaki, da sana'arsu ta ɗaukaka sai suka riƙe wannan suna ya zama abin alfahari. Har yanzu a Ingila likita in ya ci jarrabawar ƙwarewa a fiɗa, yakan ajiye Dakta ya koma Mista.

Aji na uku su ne masu haɗa magani da sayar da shi, waɗanda suka sami ƙungiyarsu a 1617. Su ne talaka ke iya zuwa wurinsu, domin kuɗin ganin mai digiri ya fi ƙarfinsa. A 1704 Majalisar Dattawan Ingila ta yanke hukunci a wata shari'a cewa suna da ikon duba maras lafiya su ba shi magani, a 1815 kuma aka yi dokar da ta wajabta musu jarrabawa. To, shi talaka babu ruwansa da wannan rabe-rabe. Duk wanda ya zo kansa da jakar magani, "doctor" yake ce masa. Bakin jama'a ne ya kai kalmar inda take yanzu, hukuma ta biyo baya.

Dokar 1858 ita ce ta haɗa azuzuwan uku cikin rajista guda, ta kafa majalisar da ke kula da ita. Wani abin lura a dokar shi ne ta jera sunayen da laifi ne wanda ba shi da rajista ya yi da'awarsu, amma kalmar "doctor" ita kaɗai tsurarta ba ta cikinsu. Bugu da ƙari, digirin da jami'o'in Ingila ke bai wa mai karatun likita, irin wanda muka gada muke kira MBBS, digirin farko ne guda biyu a haɗe, na magani da na fiɗa. Ashe ke nan laƙabin Dakta da ake kiran yawancin likitoci da shi na al'ada ne da girmamawa. A Amurka kuwa digirin MD shi ne na shiga sana'ar, alhali a yawancin jami'o'in Ingila MD babban digiri ne na bincike da likita ke nema daga baya.

5.0 FARFAƊOWAR MA'ANAR FARKO

Ma'anar malanta ba ta mutu ba, Jamusawa suka farfaɗo da ita. Jami'ar Berlin da aka buɗe a 1810 bisa shawarar Wilhelm von Humboldt ta yi tasiri ƙwarai wajen kafa tsarin da muka sani yanzu, watau ɗalibi ya yi bincike na ƙashin kansa, ya rubuta kundi, ya kare shi gaban malamai. Jami'ar Yale ta fara ba da irin wannan digiri a Amurka a 1861. Ingila ta daɗe tana jan ƙafa, sai a 1917 Oxford ta karɓe shi. Lokacin da waɗannan sababbin Daktoci suka fito, sai suka tarar likitoci sun riga sun mamaye sunan a bakin jama'a, har ana yi musu kallon masu aron riga, alhali kuwa rigar ta kakanninsu ce.

Akwai kuma digirin girmamawa. Wanda aka fi sani a matsayin na farko shi ne wanda Oxford ta ba Lionel Woodville, surukin Sarki Edward na IV, a shekarun 1470, ba tare da jarrabawa ba. Tun daga tushe ke nan akwai neman fada a cikin al'amarin. Duk da haka an yi amfani da shi wajen saka wa masu ilmin gaske. Samuel Johnson, mai ƙamusun Ingilishi na 1755, talauci ne ya fid da shi daga Oxford bai gama ba, amma Dublin ta girmama shi a 1765, Oxford ta bi baya a 1775, kuma da sunan Dakta Johnson duniya ta san shi.

Jamusawa sun fi kowa tsanani a kan laƙabin, domin a dokarsu laifi ne mutum ya ɗauke shi ba da haƙƙi ba. A 2011 ministan tsaron ƙasar, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya sauka daga muƙaminsa bayan Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa saboda an sami satar rubutun wasu cikin kundinsa.

6.0 MA'ANONIN ARO

Da kalmar ta zauna da gindinta a kan mai magani, sai Turawa suka shiga aronta suna liƙa wa wasu abubuwa. Za mu iya kasa waɗannan gida biyu, na yabo da na zargi.

A ɓangaren yabo, duk abin da ke kawo sauƙi ana iya kiransa da ita. Matuƙan jiragen ruwa sukan kira kukunsu da wannan suna. Mutanen Cape Town a Afirka ta Kudu haka suke kiran iskar kudu maso gabas mai share ƙazantar sararin birninsu, mutanen Perth a Ostareliya kuma haka suke kiran iskar teku mai sanyaya musu la'asar a lokacin zafi. Har iskar hunturunmu ta sami wannan laƙabi a bakin Turawan da suka zauna gaɓar tekun Afirka ta Yamma, domin bushewarta na raba su da gumi da nauyin jiki. Abin da ke fasa mana leɓe da kaushi, su a wurinsu magani ne.

A ɓangaren zargi kuwa, tun ƙarni na 18 kalmar ta zama aikatau mai nufin yin algus. In Bature ya ce an yi wa giya ko lissafin kuɗi ko takardar shaida wannan aiki, yana nufin an taɓa su da nufin cuta. Wannan ya nuna irin zaton da jama'ar lokacin ke yi wa masu yawo da kwalaben magani. A 1984, lokacin takarar Reagan da Mondale a Amurka, jaridu suka yaɗa "spin doctor", watau ɗan koren ɗan siyasa mai murɗa magana a gaban 'yan jarida.

Akwai kuma "witch doctor", wadda ta shafe mu kai tsaye. Ta bayyana a littafin Francis Hutchinson na 1718 kan maita, kuma masu maganin ƙauyukan Ingila take nufi, waɗanda ke da'awar warkar da wanda mayu suka kama. A ƙarni na 19 aka ɗebo ta aka jibga wa masu maganin Afirka baki ɗaya. Da haka kalma guda ta shafe bambancin da Bahaushe ya sani sarai tsakanin boka da maɗori da wanzami da ungozoma da 'yar mai ganye.

7.0 SHIGOWAR KALMAR ƘASAR HAUSA

Turawan farko da suka zo da laƙabin sun zo da ma'anonin biyu. Dakta Walter Oudney, abokin tafiyar Clapperton, likita ne daga Edinburgh, ya rasu kusa da Katagum a watan Janairu na 1824. Da Clapperton ya isa Sakkwato a wannan shekara, daga cikin abubuwan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da likita, shi kuwa Bello masani ne da ya yi rubuce-rubuce kan ilmin magani. Dakta Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851 da sunan Abdulkarim, nasa digirin na Jami'ar Berlin ne na 1844, a kan tarihin kasuwancin Girkawan dauri. A 1854 aka aiko jirgin ruwa ya hau Binuwai, daga cikin ayyukansa har da neman labarin Barth. Wanda ya jagorance shi, Dakta William Baikie, likitan sojan ruwa ne, ya riƙa ba mutanensa kwinin, ya komar da su ba tare da ko ɗaya ya mutu ba. Dakta mai magani ya fito neman Dakta mai littafi.

Bayan zuwan mulkin mallaka kalmar ta shiga bakin talaka. Dakta Walter Miller na mishan ya zauna Zariya tun 1905, kuma daga makarantar mishan ɗin nan Dakta R.A.B. Dikko ya fito, wanda ya yi karatu a Birmingham ya zama likita na farko ɗan Arewacin Nijeriya. An buɗe makarantar horar da likitoci a Yaba a 1930, Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Abin sha'awa shi ne Hausa sau biyu ta ari kalmar. Aron farko shi ne "likita". Ya zo ta kunne, daga bakin sojoji da barorin Turawa, shi ya sa ya yi kama da "dokita" ta Yarabanci. An raba baƙaƙen "k" da "t" da wasali kamar yadda aka yi wa "asibiti" da "burodi", harafin ƙarshe kuma ya faɗi domin Baturen Ingila ma ba ya furta shi. Game da komawar "d" zuwa "l", muna ganin akwai tasirin tsofaffin kalmomin Larabci irin su liman da littafi da lissafi da linzami, waɗanda kunnen Bahaushe ya riga ya saba da su. Wannan kalma ta zama 'yar gida, ta haifi likitoci da likitanci, da likitan dabbobi da na haƙori da na ido, har da kirarin nan na likita bokan Turai. A Jamhuriyar Nijar ta ƙara wata ma'ana, domin a can "likita" na nufin asibiti ma, suna kuma da "lokotoro" daga Faransanci.

Aro na biyu shi ne "Dakta" ko "Dokta". Ya zo daga baya, ta bakin 'yan boko masu ganin kalmar a rubuce, shi ya sa bai sami wasalin tsakiya ba. Shi laƙabi ne da ake sa wa gaban suna. Da shi ake kiran mai digirin digirgir, da shi ake kiran wanda jami'a ta girmama, kamar Wazirin Sakkwato Junaidu, da Mamman Shata wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta girmama a 1988. Ke nan Hausa ta yi abin da Ingilishi ya kasa yi cikin shekara ɗari shida: ta ba sana'a sunanta, ta ba laƙabi nasa. Ba mai cewa Shata likita ne.

Irin wannan zamewar ma'ana ba baƙuwa ba ce a wurinmu. "Malam" ta tashi daga kan mai karantarwa ta kai ga malamin asibiti da malamin daji da malamin gona, har ta zama abin da ake kiran duk namijin da ba a san sunansa ba. "Tsibbu" kuma daga "ɗibbu" ta Larabci take, mai nufin ilmin magani gaba ɗaya, amma a Hausa ta ƙuntata ta tsaya kan magani ta hanyar rubutu da laya. Larabawa ma sukan ce wa likita "hakim", watau mai hikima. Da alama al'ummu da yawa suna ganin mai ilmi da mai magani 'yan ɗaki ɗaya ne.

8.0 KAMMALAWA

Mun ga kalmar ta fara da ma'anar mai koyarwa, ta zama laƙabin shehunan coci, ta zama shaidar jami'a, sa'an nan talakan Ingila ya ɗora ta kan duk mai ba shi magani, daga nan ta bazu har kan iska da algus. Mun kuma ga Hausa ta raba ta biyu. Sai dai wannan rabo yana neman rushewa, domin a unguwanni da ƙauyuka ana kiran mai kemis da mai yin allura a gida da mai tallar magani a tasha duk Dakta. Su kuwa ba sa musantawa, magori ne mai wasa kansa da kansa. A ɗaya gefen kuma yawan raba digirin girmamawa ga masu kuɗi da masu mulki ya kai har shugabannin jami'o'in Nijeriya suka yi matsaya a Keffi a 2012 don taƙaita shi.

Bisa wannan muke gabatar wa taro shawarwari uku. Na farko, masu fassara da masu aikin rediyo da jarida su keɓe "likita" ga wanda ke da rajista da majalisar likitoci ta ƙasarsa, kada su fassara kowane "doctor" da ita sai sun tabbatar da wanda ake nufi. Na biyu, in an kira mutum Dakta a rubutu, a faɗi fanninsa a ambato na farko, in kuwa na girmamawa ne a faɗi haka. Na uku, masu tsara ƙamus da littattafan makaranta su kawo kalmomin biyu dabam-dabam da tarihinsu, su kuma komar wa maɗori da wanzami da ungozoma sunayensu, a daina tattara su ƙarƙashin fassarar kalmar da Turawa suka yi wa ƙauyawansu.

Mu da muke ɗauke da laƙabin ta hanyar alli da allo, nauyin ya fi hawa kanmu. In gwaggo ta sake zuwa da jikanta, bayanin tarihin Bologna ba zai sauko da zazzaɓi ba. Abin da ya kamace mu shi ne mu gaya mata cewa mu malamai ne, sa'an nan mu tashi mu raka ta wurin likita.